Matakalar da Na Gina da Ruwan Alwala

Shekara ta biyu ke nan sama ba ta ba mu komai ba. A ƙauyenmu, can wajen Dakusa, mun shuka gero ya fito kamar tsawon yatsa ya ƙone. Muka sake shukawa da ɗan irin da ya rage, shi ko fitowa bai yi ba. Da rumbu ya koma wayam sai na sayar da awaki, na bar jaki. Ranar da guga ya fara fitowa da laka daga rijiyar ƙauye, na ɗora Inna, mahaifiyata, a kan jakin. Matata ta ɗauki tukunya da tabarmi, ƴaƴanmu mata biyu suka biyo mu a ƙasa, muka nufi Damagaram.

Ba bara muka tafi ba. Muna da gida a Birni, tsohuwar unguwar cikin ganuwa, ko in ce kakanmu yana da gida. A cikinsa aka haifi mahaifina. Noma ne ya fitar da shi ƙauye, wansa ya zauna. Dukansu sun rasu. Wanda ke riƙe da gidan a lokacin ɗan wan mahaifina ne, ya girme ni, ina ce masa Yaya. Dillali ne, yana bin fataken Kano a kasuwa, yana nema musu masauki da masu saye.

Mun same shi a zaure tare da wasu dattawan unguwa da suka saba zama a wurin. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ƙare a kan jakin.

"Har da jaki?" ya ce.

Na durƙusa na ce, "Yaya, mun same ku lafiya?"

"Da lafiya muke. Inna, sannu da hanya." Bai tashi ba. Ya juyo gare ni. "Yaushe za ku koma?"

"Sai yadda Allah ya yi."

"Ai ya riga ya yi. Gidan nan cike yake."

Kunyar dattawan ce ta sa ya bar mu muka shiga. Aka nuna mana wata rumfar kara a tsakar gida, kusa da turken awaki. Nan Inna da matata da yara suka shimfiɗa tabarmi. Ni aka ce in kwana a zaure, bakin ƙofa, jakin kuma a waje.

Bazara ce. Da rana ta ɗaga, rumfar ba ta tare komai. Inna tana bin inuwar bango tana jan tabarmarta, tun safe har la'asar. Matata ta zama mai ɗebo wa gidan ruwa. Kafin gari ya waye ta tafi layin famfo, wani lokaci sai azahar ta dawo da tulu, matar Yaya ta karɓe a bakin ƙofa ta juye a randarta, sannan ta auno mana namu da ƙwarya. Ni kuma ina dako a kasuwa, ina bin layin jar dawar taimako, wadda ke zuwa cikin buhuna masu rubutun da a lokacin ban iya karantawa ba.

A bayan gari akwai inda waɗanda fari ya koro suka kafa bukkoki da kara da tsummoki. Na bi ta wurin na gani da idona. Ƙyanda ta shiga cikinsu, kullum sai an fita da yaro a naɗe cikin tabarma. Can Yaya yake so mu koma. Bai ɓoye ba. Duk sanda ƙaramar ƴata ta yi tari, sai matarsa ta janye nata yaran ta ce, "Ga wurin irinku can an ware, har likita yana zuwa, amma kun liƙe mana."

A kusurwar tsakar gidan akwai wata matakalar ƙasa, jikin bangon babban soro. Tana hawa zuwa ɗaki guda a sama, wanda suke kira bene. Gindinta lafiya, kanta lafiya, amma tsakiyarta ta rufta tun zamanin mahaifin Yaya. Gara ce ta cinye azarar da ke ɗauke da ita, ta bar giɓin da namiji ba zai iya tsallakewa ba. Kaji ke kwana a ƙarƙashi. Wata rana na ga Inna ta tsura wa benen ido.

"Ɗakin kakarku ne," ta ce. "A can take kaɗi. Iska ta ko'ina. Da aka kawo ni gidan nan, can nake hawa in taya ta gurzar auduga."

Da yamma na sami Yaya a zaure, dattawan suna nan. Na ce, "Yaya, ɗakin sama fa? Ba kowa a ciki."

"Fiffike gare ka?"

"In ka yarda sai in gyara matakalar."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Kun ji mutumin Dakusa! Maginan Birni sun duba sun ce sai azara sabuwa da ruwa kamar na tafki. Kai da me za ka kwaɓa ƙasar? Da yawu?"

"Na saba ginin rumbu."

"Rumbu! To ina rumbun naka yanzu?" Ya dubi dattawan. "Ku shaida. In ya gyara kafin azumi, ɗakin nasu ne. In an ga wata bai gama ba, ya kwashe iyalinsa da jakinsa su koma bayan gari. Kuma ko ɗigon ruwan randata kada ya taɓa."

Wani tsoho mai carbi ya ce, "Mun shaida." Sauran suka gyaɗa kai. Sun ɗauke shi wasa, amma sun ce sun shaida.

Kafin in ɗauko ko da ƙwarya ɗaya ta ƙasa, na ga ya kamata in duba ɗakin, kada in sha wahala a kan abin da rufinsa ya zube. Washegari da hantsi na ari tsani na jingina, na hau. A gaban ƙofar ɗakin akwai ɗan fili, bangonsa bai wuce gwiwa ba. Na tura ƙofa. Ban da kashin jemage da ƙura, ɗakin garau yake. Na fito ina murna, na miƙe tsaye, sai ga tsakar gidan maƙwabci shimfiɗe a ƙarƙashina. Mata uku suna zaune a inuwa, saboda zafi kowace ɗaurin ƙirji kawai ta yi, kai ba ɗankwali, ɗaya tana yi wa ɗaya kitso.

Mu a ƙauye dangar kara gare mu. Kana wucewa kana ganin maƙwabciya tana daka, kuma in ka gan ta ba ka gaishe ta ba, kai ne marar tarbiyya. Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa a Birni namiji ba ya hawa sama sai ya sanar da maƙwabta, mata sun shige ɗaki. Don haka na ɗaga hannu na ce, "Sannunku da aiki!"

Ihun da suka yi har kaji sai da suka watse.

Kafin in sauko daga tsani, mai gidan ya riga ya iso zaurenmu. Tsoho ne baduku, mai ɗinkin jaka da takalmi, ya fito da wuƙar yankan fata a hannunsa, da alama ya manta yana riƙe da ita.

"Ina ɗan iskan? Ina wanda ya leƙa mini iyali?"

Na durƙusa. "Baba, ka yi haƙuri, ban sani ba."

"Ba ka sani ba? Har da gaisuwa! Ka ga matan mutane kai a buɗe, ka tsaya kana musu sannu da aiki! Tun kakanka muke bango ɗaya da gidan nan, ba a taɓa yi mini haka ba. Yunwa ta koro ku, kun zo da halin daji."

Yaya yana tsaye yana tauna goro. Da tsohon ya ce sai an je wurin mai unguwa, shi ya fara sa takalmi.

Mai unguwa ya saurari baduku har ya gaji, ya saurari Yaya yana cewa shi dama bai so zamanmu ba. Sannan ya tambaye ni abin da ya kai ni sama. Na gaya masa, har da alkawarin da aka yi a zaure.

"An yi haka?" ya tambayi Yaya.

"Ranka ya daɗe, wasa ne."

"Wasan da ka kira shaidu?" Ya juyo gare ni, fuska ba walwala. "Kai kuma, nan ba gona ba ce. Yi aikinka. Amma duk ranar da kanka zai wuce tsayin bango, ka tsaya a ƙasa ka yi sallama da ƙarfi, ka ce za a hau. Ba za ka hau ba sai maƙwabcinka ya amsa da bakinsa. Ka sake kuskurewa, ni da kaina zan raka ka bayan gari."

Daga ranar sunana a unguwa ya koma Sannunku-da-aiki. In na wuce, ƴan mata masu talla su faɗa su ruga.

Ƙasa ba ta yi wuya ba. Tafkin da ke bayan ganuwa ya ƙafe ya tsattsage, sai dai ka sa gatari ka ɓamɓaro yumɓu. Jaki ya yi ta jigila. Ciyawar da ake zubawa cikin kwaɓi don kada gini ya tsage, ita ce babu, domin a shekarar ciyawa abinci ce, ba mai bari a taka ta. Sai na koma tara kashin jakin, ina shanyawa ina murtsukewa. Azara kuwa ko tambayar kuɗinta ban yi ba. Na kama hanya na koma ƙauye, na tarar ba kowa sai tsofaffi kaɗan. Na rushe rumbuna da hannuna, na zare itatuwan da ke ɗauke da gindinsa. Na itacen ƙirya ne, mahaifina ya sare su, gara ba ta cin su. Na ɗaura wa jaki muka dawo.

Saura ruwa.

Dattawan zaure suna alwala a bakin ƙofa, ruwan yana bin rairayi ya ɓace. Na samo wani tsohon kasko na ajiye a wurin, na roƙe su su riƙa yi a ciki. Yaya ya ce, "Ruwan alwalarmu za a zuba a ƙasa ana takawa da ƙafa?" Tsoho mai carbi ya ce, "Da can ina yake zuwa, sama?" Ya ja kaskon gabansa ya wanke hannu. Sauran suka bi. Yaya shi kaɗai ya riƙa ɗaukar butarsa yana zagayawa bayan gida.

Matata tana tara mini ruwan wanke-wanke. Inna ta daina alwala a ko'ina sai a kan tulin ƙasata. In ta ga ruwan ranar bai kai ba, sai ta ce ita ba ta jin ƙishirwa, ta miƙo mini sauran na ƙwaryarta. Ina mayar mata, tana tura mini, har sai matata ta raba mu.

Matar Yaya da ta gane abin da ake yi, sai ta riƙa ɗaukar ruwan wankinta ta wuce ta gabana, ta je ta watsa shi a rairayin ƙofar gida. Wata rana matata ta kasa daurewa.

"Yaya, da kin zuba mana a nan."

"In zuba muku? Ruwana ne."

"Ni na ɗebo shi."

"A gidan wa kika kwana da kika ɗebo shi?" Ta tsaya kan kwaɓin tana toshe hanci. "Dubi ƙazanta. Kashin jaki da dauɗar tukwane da majinar tsofaffi. Wallahi tallahi ƙafata ba za ta taɓa taka wannan abin ba, ko sama za ta kai ni."

Ta faɗa da ƙarfi, har dattawa suka ji daga zaure.

Ruwan da nake samu a yini bai wuce ya jiƙa ƙasa cikin kasko biyu ba. Amma ginin rumbu dama haka yake. Ba a ɗora shi gaba ɗaya. Ka aza kamar faɗin tafin hannu, ka shafe, ka bar shi ya sha iska, gobe ka ƙara. Haka na tayar da ginshiƙi a ƙarƙashin giɓin. Da ya kai, na jera itatuwan rumbuna daga kansa zuwa bango, na danne bakinsu da laka. Sannan na fara aza matakai, ina lulluɓe kowanne da tsohon buhu don kada rana ta busar da shi da gaggawa.

Da aikin ya kai inda kaina zai wuce bango, sai wata wahalar ta fara. In na gama kwaɓi na ɗora kasko a ka, sai in tsaya a gindin matakala in ɗaga murya.

"Salamu alaikum! Baba, za a hau!"

Ina jin ƙarar gudumarsa yana bugun fata a bayan bango.

"Salamu alaikum! Za a hau sama!"

Sai ya ga dama zai ce, "Mata suna aiki. Jira."

In tsaya. Rana tana hawa, ƙasar tana bushewa a kaina, ina jin tana yin tauri. Wani lokaci kafin ya ce "Hau," kwaɓin ya mutu, sai na sake nemo ruwan da ba ni da shi. Matar Yaya tana bakin murhu tana dariya. "Ka gaishe su mana, ko sa amsa."

Na je na same shi a rumfarsa, na durƙusa. "Baba, ƙasar tana bushe mini."

Bai ɗago ba. "Ni na hana sama ruwa?"

Daga baya na koyi yin sallama tun kafin in zuba ruwa a ƙasa. In ya amsa sai in kwaɓa a gurguje. Da ya gane, sai ya riƙa amsawa da wuri, in na kwaɓa na hau ya ce, "Sauko, za su fito shanya." In na sami hawa kuwa, yana fitowa tsakar gidansa ya zauna a kan turmi yana kallona, don ya ga ko idona zai karkata. Ban taɓa yarda ya karkata ba. Har yau in ina aikin laka wuyana yana tuna wannan sunkuyon.

Watan Sha'aban ya raba, saura matakai kaɗan. Wata safiya na ɗaga buhu daga kan wanda na aza jiya, na tarar da sawun takalmi ya nutse a ciki, gefen ya ɓalle. Babban sawu ne, na namiji. A gidan mu biyu ne maza, kuma ni ba ni da takalmi.

Na sami Yaya yana shirin fita. "Yaya, an taka mini aiki."

"Gidan ubana ne. In na ga dama in taka rufinsa."

"Bai bushe ba."

"To ka yi wanda ke bushewa."

Na fasa matakin na jiƙa na sake. Amma abin ya tsaya mini a rai. Mutumin da ya ce ba za a iya ba, me ya kai shi leƙen ɗakin da sassafe, a sunkuye, ba sallama?

Na gama ana saura kaɗan a ga wata. Na yi wa matakalar yaɓe, na goge da dutse har ta yi santsi. Matata da yara suka share ɗakin, suka kore jemagu. Muka ce gobe da safe Inna za ta hau.

Da la'asar sai ga Yaya ya shigo da wani Alhaji daga cikin fataken Kano, mai babbar riga. Ya sa matarsa da tawa suka shige, ya kawo baƙon har gindin matakala.

"Ga shi nan, Alhaji. Sama ne, ɓarawo ba ya kaiwa, gara ba ta kaiwa. Atamfofinka za su kwana lafiya. Yaranka su hau su sauka yadda suke so."

Na ce, "Yaya, alkawarin fa?"

"Wane alkawari? Ka ci tuwon gidan nan, ka gyara matakalar gidan nan. An biya ka."

"Da shaidu."

"Je ka kira su su ba ka ɗaki a gidajensu."

Alhajin ya dube ni ya dubi Yaya. "Malam, in da rigima a ciki ni ba na so."

"Ba rigima, Alhaji. Ɗan'uwa ne daga ƙauye, yunwa ta taɓa masa kai." Ya ɗaga murya irin ta ɗan gari wanda ya san ƙa'ida. "Salamu alaikum, Baba! Za a hau da baƙo!"

Gudumar ta tsaya. "Da wa?"

"Alhaji ne, zai ajiye kaya."

"Ba a hau ba."

Kafin mu juya tsohon ya zagayo, ya tsaya a ƙofar zaure yana haki. "Wata da watanni na yi ina gadin wannan sakaran," ya nuna ni da leɓe, "na bar sana'ata ina zaune kan turmi. Yanzu kuma ƴan dako za a kawo mini, ƙarti, su yi ta hawa suna sauka a kan iyalina? Mu je wurin mai unguwa."

Wannan karon da dattawan zaure aka tafi. Alhajin tun a hanya ya ce yana da uzuri, ya sulale. Mai unguwa ya tambayi tsoho mai carbi, ya ce eh, an yi alkawari, kuma an gama kafin wata. Baduku ya ce shi ba ruwansa da alkawarinsu, ko a ba jaki ɗakin, shi dai kada namiji ya ƙara tsayawa a kan gidansa.

"A zamanin da, wa ke zaune a benen?" mai unguwa ya tambaya.

"Tsohuwar gidan," in ji baduku. "Kakarsu. Ina yaro ina jin ƙarar mazarinta. Shi ya sa ba a ɗaga bangon ba, ɗakin mata ne."

"To ya koma yadda yake. Daga yau namiji baligi ba ya hawa. Ba baƙo ba, ba mai gida ba, ba wanda ya gina ba."

Yaya ya yi wuf ya ce, "Ranka ya daɗe, in na mata ne, ai ina da mata. Iyalina za ta koma can."

Tsoho mai carbi ya yi gyaran murya. "Wadda ta rantse da Allah ƙafarta ba za ta taka ba? Mun ji daga zaure. In za ta hau sai ta ciyar da miskinai kaffara. Ga su kuwa a gidanka, ba sai an je nema ba."

Aka yi dariya, ban da Yaya, ban da baduku. Mai unguwa ya ce alkawari ya tabbata, ɗakin na Inna ne, a tashi.

A hanya na matsa kusa da tsohon na ce, "Baba, na gode."

"Kada ka gode mini. Da son raina ne, da kai da shi duk bayan gari za ku kwana."

Washegari da safe Inna ta hau. Ƙafafunta sun kumbura, na so in goya ta, amma ba dama. Matata ta riƙe ta a gefe, babbar ƴata tana tura ta a baya, tana hawa tana hutawa tana dafa bango. Ina tsaye a ƙasa ina kallon kowane mataki da ta taka. Ba matakin da ya motsa. Da ta kai sama ta juyo ta zauna a bakin ƙofa, iska ta ɗaga mayafinta. Ta leƙo ta ce, "Kai, akwai matakin da ya fi sauran tsayi a tsakiya."

"Shi ne wanda aka taka, Inna."

"To. Ya isa."

A daren aka ga wata.

Yaya bai ƙara yi mini magana ba sai ta bakin wani. In abinci ya rage a gidan, awaki ake ba. Matarsa ta koma ajiye turmi da itace a gindin matakalar don a sha wuyar wucewa, kullum da safe ina kwashewa. Baduku in na gaishe shi sai ya dubi fatar da ke hannunsa. Ni dai ina zaure bakin ƙofa, inda aka ajiye ni tun ranar farko. Amma ƙyandar da ta share bayan gari ba ta hau benen ba. Ƴaƴana biyu suna nan da ransu, kowace da nata ƴaƴan yanzu.

Kullum bayan asuba nakan tsaya a gindin matakala in gaida Inna, ta amsa daga sama. Da jikinta ya yi nauyi ta daina fitowa bakin ƙofa, sai matata ta riƙa kawo mini amsar. Na je wurin baduku na roƙe shi ya bar ni in hau sau ɗaya, in sunkuyar da kai yadda na saba. Ya ce ba shi ya yanke ba, mai unguwa ne. Na je wurin mai unguwa, aka ce ya yi tafiya.

Ta rasu kafin ya dawo, ana saura kaɗan damina ta sauka. Mata ne suka yi mata wanka a can sama. Suka naɗe ta a tabarma, matata da wasu maƙwabta suka sauko da ita a hankali, mataki bayan mataki, nauyinsu duka a kan itatuwan rumbuna. Na tsaya a matakin ƙarshe na ƙasa, inda kaina ba ya wuce bango, na miƙa hannu na karɓe ta.